Yadda Shugaban Gidan Yari Zai Yi Adalci a Ƙarin Girma da Yabon Ma'aikatansa

Duk lokacin da jerin sunayen waɗanda aka ƙara wa girma ya fito daga Abuja, gidan yari kan rabu gida biyu. Wasu na maƙala sabon anini a kafaɗa, 'yan uwa na zuwa barka. Wasu kuwa sun duba takardar daga sama har ƙasa ba su ga sunansu ba, alhali sun riga waɗancan shiga aiki. Nan da nan sai ka ji ana cewa ai sai mai uban gida, sai wanda ya san wani a hedikwata. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma mafi yawan cutar da ake yi wa gandiroba, tun a gidan da yake aiki ake fara ta, shekara biyu ko uku kafin jarrabawa: fayil ya yi ɓatan dabo, an cika rahoton shekara a gurguje, an bar takardar tuhuma a buɗe, an ba wani gurbin kwas a ɓoye. Abuja kuwa da abin da aka aika mata take aiki. Shi ya sa nake magana da kai, shugaban gida, da mataimakinka, da jami'in da ke riƙe da fayilolin ma'aikata.

Nauyin da ke kanka ya fi na shugaban makaranta ko na asibiti. Malami da ma'aikacin jinya suna da ƙungiya, in an matsa musu su tafi yajin aiki. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Nijeriya ta hana ma'aikatan gidan yari shiga irin wannan ƙungiya, saboda haka gandiroban da aka danne wa hakki ba shi da mai tsaya masa sai takarda da kuma shugabansa. Kuma shi ke riƙe da makulli. Mutumin da ya shekara goma a muƙami ɗaya yana kallon na bayansa suna wuce shi, shi ne wanda fursuna mai kuɗi zai fara lallaɓa don a shigo masa da waya ko ƙwaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mataki na farko: ka san ƙa'ida, ka kuma manna ta a bango

Tun watan Agustan 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, aikin ya kasu kashi biyu: na tsare ɗaurarru, da na kula da waɗanda kotu ta yanke wa hukuncin da ba na ɗauri ba. Ɗaukar ma'aikata, ƙarin girma da ladabtarwa suna hannun hukumar nan ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da ake kira CDCFIB, wadda ke kula da Sibil Difens, gyaran hali, 'yan kwana-kwana da shige da fice. Ba kai ke ƙara girma ba. Kada ka taɓa yi wa yaronka alkawarin anini.

A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wanda ke matakin albashi na 06 zuwa ƙasa sai ya yi aƙalla shekara 2 a muƙaminsa kafin a duba shi, mai mataki na 07 zuwa 14 shekara 3, mai 15 zuwa 17 shekara 4. Cika shekarun ba ya wajabta ƙarin girma, sai da gurbi, sai kuma babu shari'ar ladabtarwa a kansa. A tsarin da aka daɗe ana bi a aikin gwamnatin tarayya, jarrabawa ko ganawa na ɗaukar maki 70, rahoton shekara 20, daɗewa a muƙami 10. Sanarwar da hukuma ta fitar a shekarar da ake ciki ita ce hujja, don haka ranar da ta iso ka karanta ta a faretin safe, ka manna kwafi a allon sanarwa, ka aika wa ƙananan gidajen da ke ƙarƙashinka. Masu aikin dare ba sa halartar faretin safe, a karanta musu da yamma. Sanarwar da ta kwana uku a aljihun tebur ta riga ta zama kayan rabo ga na kusa.

Mataki na biyu: gyara jerin girma da fayiloli

Wannan aiki ne mai gundura, amma nan mutane da yawa ke faɗuwa. Ka sa a fito da jerin ma'aikatan gidan gaba ɗaya, kowa da lambar aikinsa, ranar ɗaukarsa, ranar tabbatar da shi, ranar ƙarin girmansa na ƙarshe da takardun karatunsa. A kafe jerin na mako biyu, kowa ya duba layinsa ya sa hannu. Kuskuren shekara ɗaya a ranar ƙarin girma na iya sa a tsallake mutum zagaye guda, kuma da yake ritaya na zuwa ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, zagayen da aka rasa ba kullum ake mayar da shi ba. Yana bin mutum har lissafin fanshonsa.

Ka lura da mutum uku musamman. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga wata jiha, fayil ɗinsa bai biyo shi ba. Wanda ya ƙaro karatu da izini amma ba a shigar da takardar ba. Sai masu babbar difloma ta HND: tun 2017, zamanin ministan cikin gida Abdulrahman Dambazau, hukumar ta amince a daidaita su da masu digiri, saboda haka duk wanda ka ga har yanzu yana zaune a inda bai dace ba, rubuta wasiƙa a kansa ta hannun Kwanturolan jiha. Kowane ma'aikaci kuma ka umarce shi ya ajiye kwafin takardunsa a gida.

Mataki na uku: buɗe littafin aikin da ba a gani

Nan ne zuciyar maganar. Aikin gandiroba in ya yi kyau ba ya barin alama. Daren da aka kwana lafiya, layi ɗaya ake rubutawa a littafi: an ƙirga, lissafi ya cika. Ba a rubuta cewa da ƙarfe biyun dare faɗa ya so ya tashi a ɗakin masu jiran shari'a, inda mutum tamanin ke kwance a wurin mutum talatin, kuma wani sifeto ya tsaya a bakin taga rabin awa yana kiran kowa da sunansa har wutar ta mutu. Ba a rubuta cewa mai tsaron ƙofa ya ɗaga burodin da aka kawo wa wani, ya ji nauyinsa bai yi daidai ba, ya ɓare ya sami ƙaramar waya a naɗe cikin leda, aka miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Amma ranar da fursuna ɗaya ya tsallake katanga, sunan kowa da ke duti zai shiga takarda, har Abuja. Ta haka fayil ɗin ma'aikaci ke cika da kurakuransa kaɗai, alherinsa kuwa ya tsaya a bakin abokan aiki.

Maganin abin ba ya buƙatar kasafi. Ka sayi babban littafi mai bango, a sa wa shafukansa lamba don kada a yage, a ajiye shi a ofishin babban jami'in duti. Duk mai jagorantar wani zagaye na aiki, safe ko rana ko dare, kafin ya miƙa makulli ya rubuta abin da wani ya yi da ya wuce na yau da kullum. Abu huɗu kawai ake so: rana da lokaci, sunan ma'aikaci da lambarsa, abin da ya yi, da wanda ya gani. A hana kalmomin ado irin su "haziƙi ne" ko "mai biyayya ne". A rubuta abin da ya faru: ya gano cewa takardar tsare wani ta wuce wa'adi, ya kai wa jami'in rajista, aka rubuta wa kotu. Ya lura wani ɗaurarre ya daina cin abinci yana tari, ya kai shi ɗakin magani, gwaji ya nuna tarin fuka, aka keɓe shi.

Wannan misali na takardar tsarewa ba ƙarami ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi. Ma'aikacin rajista ko na jin daɗin fursunoni da ya bi fayil ɗin wanda aka manta da shi har aka kai shi gaban alƙali ya rage cunkoso, ya ceci rayuwar mutum, amma da yake bai riƙe bindiga ba, ba a lissafa shi cikin jarumai. Haka malamin da ke koyar da kafinta ko ɗinki, da wanda ke shirya ɗaurarru su rubuta jarrabawar NECO ko su shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, da masu bin diddigin waɗanda aka yanke wa aikin al'umma, waɗanda yininsu a waje yake, shugaba ba ya ko ganinsu. Duk su shiga littafin.

Kai kuma ka riƙa karanta shi kowace Juma'a, ka sa hannu. In ka ga wata uku sun wuce sunaye biyar ne ke ta maimaituwa, kira masu rubutun ka tambaye su. Ko dai biyar ɗin ne kaɗai ke aiki, wanda da wuya, ko kuwa littafin ya fara zama na 'yan lele.

Mataki na huɗu: raba duti ta yadda kowa zai ɗanɗana

Kowa a gidan ya san akwai wurin maiƙo akwai wurin ƙashi. Ƙofa, sito, kicin, ofishin shugaba da rakiyar manyan baƙi, a nan ake ganin mutum, a nan ake sanin sunansa. Hasumiyar tsaro da tsakar rana, kwana a asibiti da fursuna mara lafiya, da shiga motar kai fursunoni kotu a hanyar da ba tsaro, waɗannan wahala ce zalla. In mutum ɗaya ya shekara biyar a ofis, wani ya shekara biyar a hasumiya, ranar rubuta rahoto na ofis ne zai zo maka a rai.

Ka tsara juyi na wata uku ko shida, a rubuce, a kafe. Wuraren da ke buƙatar horo na musamman, kamar rundunar masu makamai ko ɗakin magani, a bar su ga masu horon, amma a faɗi dalilin. Ƙofa da sito kuwa juya su ma kariya ce ga mai riƙe da su, domin daɗewa a wurin da kuɗi ke wucewa jarrabawa ce da ba kowa ke ci ba.

Ma'aikata mata na da tasu matsalar. Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disambar 2015, sun ce sashen mata ya kasance ƙarƙashin jami'a mace, kuma mata ne za su kula da fursunoni mata. Daidai ne. Sai dai a gidan da fursunoni mata ba su wuce goma ba, jami'ar kan ƙare rayuwar aikinta a ɗan lungu guda, ba ta taɓa riƙe rajista ko lissafin abinci ba, sannan a ce ba ta da gogewa. Ka ba ta juyi a rajista da ofishin gudanarwa. Hutun haihuwa kuma hakkinta ne, kada ya zama dalilin rage mata maki.

Ga Kwanturolan jiha, maganar ɗaya ce a faɗin jiha. Wanda aka kai ƙaramin gida a ƙauye mai nisa, ko gidan gona irin na Kujama, ko ya sha zafin Gashuwa, a san ranar dawowarsa. Bai kamata gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse da ke cikin birnin Kano su zama na masu ƙafa ba, ƙauye kuma na marasa gata.

Mataki na biyar: rahoton shekara

Ko tsohon fom ɗin rahoton shekara da ake kira APER ne a hannunka ko sabon tsarin auna ƙwazo da gwamnatin tarayya ke komawa gare shi, cutar iri ɗaya ce: a ba kowa maki mai yawa don kada a ɓata da kowa. Shugaba na ganin kirki ya yi, alhali ya zalunci wanda ya fi ƙoƙari, domin makin da ya kamata ya bambanta shi da malalaci ya tashi a banza. Ka ɗauko littafin nan, da rajistar zuwa aiki, ka cika fom ɗin kana duban su. Wanda ya yi aiki kai tsaye da ma'aikacin shi ya fara rubutawa, kai ka duba. Sannan a zauna da mai rahoton, ya karanta, ya faɗi nasa, ya sa hannu. In akwai aibin da za ka rubuta a Disamba, ya kasance ka faɗa masa tun Yuni ya sami damar gyarawa.

Idan ɗan uwanka ne, ko surukinka, ko wanda kuka yi cacar baki, ka miƙa wa mataimakinka ya rubuta. Mu nan zumunci da ƙaunar ɗan gari suna da ƙarfi, ba abin kunya ba ne, amma gidan yari na tarayya ne. Bayerabe ko Ibo ko Tibi da aka turo Kano ko Sakkwato, ba shi da kowa a garin sai kai, ranka ya daɗe, kuma ɗanka ma wata rana za a iya tura shi Owerri.

Mataki na shida: kwas da jarrabawa

Gurbin kwas a makarantun horo na Kaduna, Kirikiri ko Enugu, ko a kwalejin manyan jami'ai, a bi jerin girma wajen ba da shi. Wanda aka tsallake a gaya masa dalili. Yanzu da jarrabawar ƙarin girma ta koma ta kwamfuta, dattijon gandiroban da ya san gidan kamar tafin hannunsa na iya faɗuwa don bai saba da linzamin kwamfuta ba. Ka nemi matasan da suka iya su zauna da su da yamma, ko da kwamfuta ɗaya ce. Kuma kada ka sa mai jarrabawa aikin dare a jajibirin tafiyarsa.

Mataki na bakwai: kada takardar tuhuma ta zama makami

Tun da shari'ar ladabtarwa na tsayar da ƙarin girma, mugun shugaba ya san abin da zai yi: ya ba da tuhuma ana saura wata ɗaya a tura sunaye, ya karɓi amsa, ya sa a aljihun tebur. Bai hukunta ba, bai wanke ba. Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Ƙa'idar aikin gwamnati ta tanadi a kammala shari'ar ladabtarwa cikin kwana 60, in ba laifin da ya kai ga kotu ba ne. Ka sa a lissafa maka duk tuhumar da ke buɗe a gidan, ka rufe kowace: wanda ya yi laifi a hukunta shi daidai laifinsa, wanda aka wanke a rubuta wasiƙar wankewa a sa a fayil, a ba shi kwafi. Wankewar baki ba ta zuwa Abuja.

Mataki na takwas: yabo

Gurbin ƙarin girma kaɗan ne, yabo kuwa ba shi da iyaka, kuma yana hannunka. Wasiƙar yabo mai ɗauke da kwanan wata da bayanin abin da aka yi, a karanta a fareti, kwafi ya shiga fayil, wani ya tafi ofishin Kwanturola. In za ku zaɓi gwarzon wata, kwamiti ya zaɓa, a sa ƙaramin ma'aikaci da mace a ciki, kuma hujja ta fito daga littafi. Kyautar da ake zagayawa da ita don kowa ya samu ba ta daɗa kowa da komai.

Sai kuma ranar tashin hankali. An fasa gidan yarin Owerri a Afrilun 2021, fursunoni sama da 1,800 suka fita. An kai hari Kuje ranar 5 ga Yulin 2022, ɗaruruwa suka tsere. A Satumbar 2024 ambaliyar madatsar Alau ta rushe katangar gidan yarin Maiduguri, ta shafi gidajen ma'aikata, aka nemi fursunoni 281 aka rasa. Bayan irin wannan, bincike kan nemi wanda ya yi sakaci, kuma ya kamata. Amma cikin awa ashirin da huɗu, tun abin na sabo, ka rubuta rahoto na biyu: wa ya tsaya a bakin aikinsa, wa ya kwashe rajista, wa ya fitar da marasa lafiya, wa ya ji rauni. In ba ka rubuta ba, babu mai rubutawa. Wanda ya rasu a bakin aiki, ka naɗa jami'i guda da sunansa ya bi wa iyalinsa hakkokinsu har su shiga hannu, kada a bar matar mamaci tana yawon ofis-ofis da marayu. Ta'aziyya da addu'a wajibi ne, amma ba su biyan kuɗin makaranta.

Mataki na tara: ranar da sunaye suka fito

Waɗanda suka samu, a yi musu bikin maƙala anini tare, babba da ƙarami, a tura takardunsu da wuri don sabon albashi da ariyas su shiga. Amma kafin bikin, ka kira waɗanda ba su samu ba, ɗaya bayan ɗaya, a ofis, ƙofa a rufe. "Sai haƙuri, lokaci ne" gaskiya ce, sai dai ba ta isa amsa ba. Ka duba tare da shi: makin jarrabawa ne, gurbi ne babu, ko sunansa ne bai tafi ba? In kuskuren ofishinka ne, a ranar za ka rubuta gyara.

In yana ganin an cuce shi, nuna masa hanya. Ya rubuta koke ta hannunka zuwa Kwanturolan jiha, daga nan zuwa hedikwata da hukumar CDCFIB, da kwafin takardunsa a haɗe. Naka shi ne ka tura, ko da kai ake ƙara, ka rubuta ra'ayinka a ƙasa, ka ba shi shaidar ranar da ka karɓa. In hanyar cikin gida ta ƙare, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke aiki tun 1975 kuma ba a biyan ko kwabo, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ya nemi shawarar lauya da wuri, domin ƙarar hukumar gwamnati na da wa'adi. Mai koke kuma kada washegari ya ga sunansa a jerin masu tafiya ƙauye. In ka yi haka sau ɗaya, babu wanda zai sake kawo maka kuka a rubuce, sai dai ka ji shi a Facebook.

Kai ma wata rana sigina, wato takardar canjin wurin aiki, za ta zo a ɗauke ka. Cikin takardar miƙa aiki, bayan lissafin fursunoni, makullai, makamai da buhunan abinci, ka ƙara shafi guda na ma'aikata: waɗanda suka isa ƙarin girma a zagaye mai zuwa, tuhumar da ba a rufe ba, koken da ke kan hanya, wanda ke bin layin kwas, da iyalan mamatan da ba a biya ba. Ka damƙa wa magajinka littafin hannu da hannu, ya sa hannu ya karɓa, ka kuma aika kwafin shafin ga ofishin Kwanturolan jiha.